Tambayoyinku kan Fasaha: Auna Akwatunan Tsofaffin Lasifika a Kwamfuta

Tambaya: Na samu tsohuwar lasifika ƙirar AR-3 wadda akwatinta yake rufe ruf. Na zuba alƙaluman da na tsinto a intanet cikin WinISD, manhajar lissafin akwatin lasifika, sai ta nuna cewa idan na huda akwatin na sa bututu, sauti mai kauri zai ƙaru. Shin in huda?

Amsa: Malam, ka ajiye abin hudar nan tukuna, domin hannunka ya riga kanka gaba. Wannan tambaya tana ɓata mini rai duk lokacin da ta zo. Tun daga AR-1 ta shekarar 1954, magabaciyar AR-3, mai ƙirarsu Edgar Villchur da gangan ya sa kwanon lasifikarsa, wato ɓangaren da ke kaɗawa ya fitar da sauti, ya yi sako-sako, ya bar iskar da ke kulle cikin akwati ta riƙa mayar da shi mazauninsa. Idan ka huda, ka raba kwanon da abin da ke riƙe shi, kuma da zarar sauti ya sauka ƙasa da mitar (yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa) da aka daidaita bututun a kai, zai riƙa kaɗawa ba birki har ya lalace. Akwati mai bututu, wanda Albert Thuras ya samu haƙƙin ƙirarsa a 1932, tsari ne dabam da ke son kwano mai ɗan tauri. Ka duba zanen da manhajar ta ba ka da kyau: a ƙarshen sauti mai kauri, rufaffen akwati yana rasa desibel 12 na ƙarfin sauti duk lokacin da mita ta ragu da rabi, mai bututu kuwa 24, wato yana cika kunne a sama kaɗan sannan ya faɗi gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙaluman da ka tsinto. Lissafin da Neville Thiele ya wallafa a 1961, wanda Richard Small ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970, ya dogara ne kan Fs da Qts da Vas, wato alƙaluman da ke bayyana halin ainihin kwanon da ke hannunka, alhali naka ya haura shekara hamsin, gefensa ya bushe ko yana zubar da iska. Ka cire shi, ka auna da REW, manhajar awon sauti, sannan ka koma WinISD. Ni ba na yarda da kowane zane sai na ga awon da aka gina shi a kai.

Tambaya: WinISD za ta iya lissafa mini Klipschorn, lasifika mai ƙaho?

Amsa: A'a, ka nemi Hornresp, manhajar lissafin lasifika mai ƙaho. Ka kuma shaida mata cewa lasifikar a kusurwar ɗaki take, domin Paul Klipsch ya ƙera ta ne yadda bangaye biyu za su ƙarasa ƙahon.

Tambaya: Zan iya kwatanta akwatuna biyu da makirufon wayata?

Amsa: Yawancin wayoyi suna datse sauti mai kauri domin murya ta fita tas, kuma shi ne ainihin abin da kike son aunawa. Ki sayi makirufon awo, ki ajiye shi a tazara ɗaya daga kowane akwati.