Shekarata 22, maganin ƙara tsayi zai yi min aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ni saurayi ne a Aboabo nan Kumasi, shekarata 22. Na nemi shiga soja aka ce tsayina bai kai ba, sai na ga ana tallan wata ƙwaya a WhatsApp wai cikin wata uku mutum ya ƙara tsayi. Don Allah gaskiya ne, kafin in zuba kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka, wannan ƙwayar ba za ta ƙara maka ko rabin inci ba. Na san maganar da zafi, amma bari ka ji dalili.

Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen itace ne, alhali abu ne mai rai, jini na gudana a cikinsa. In aka yanko shi siriri aka duba a madubin likita, za ka ga zobe-zobe kamar albasar da aka yanka, kowane da ɗan rami a tsakiya inda jijiyar jini ke bi. Wani likitan Ingila, Clopton Havers, shi ya bayyana ramukan nan tun 1691. Ginin kansa kamar na dakin bene ne, akwai zare-zaren kolajin a matsayin rodi, sai kalsiyam da fosfet a matsayin siminti. Kuma ma'aikata ba sa hutawa a ciki, wasu ƙwayoyin halitta suna rushe tsohon gini wasu suna bi suna zuba sabo, har kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babba ake sabuntawa duk shekara.

To amma tsayi ba daga nan yake fitowa ba. Kusa da bakin dogayen ƙasusuwa, na cinya da na ƙwauri da na hannu, yaro yana da wani faifai na guringuntsi, irin wanda kake gurgura a kan ƙashin kaza. A cikin faifan nan ƙwayoyin halitta suna jeruwa ne ɗaya kan ɗaya kamar an tara sulalla, su rabu su yawaita, su kumbura, su mutu, sai magina su zo su mayar da wurin ƙashi, shi kuma faifan ya ƙara gaba, haka ƙafa take miƙewa a hankali shekara da shekaru. Lokacin balaga abin yana yin sauri sosai, shi ya sa yaro kan zarce wandonsa cikin 'yan watanni, amma sinadaran balagar nan su ne kuma a ƙarshe suke rufe faifan ya zama ƙashi gaba ɗaya. Mata yawanci tsakanin shekara 14 zuwa 16, maza 16 zuwa 19. A shekara 22 kusan tabbas naka ya rufe, kuma hoton eksire ɗaya zai nuna.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka san me aka zuba a ƙwayar ba. Ko allurar sinadarin girma ta gaske aka yi wa babba, hannu da ƙafa da muƙamuƙi ne za su yi kauri, tsayi yana nan yadda yake.

Abin da ya rage a hannunka ƙarfin ƙashin ne, don yana ci gaba da cika har wajen shekara 30. Ka riƙa motsa jiki, ƙwallo, gudu, ɗaga ƙarfe daidai misali. Ka ci ƙananan kifin nan da ake taunewa da ƙayarsu, da wagashi (cuku) da nono da kontomire (ganyen gwaza), ka kuma sha rana saboda bitamin D.

In kuwa kana da ƙane da kuka lura sa'o'insa duk sun bar shi nesa, don Allah ku kai shi asibitin Komfo Anokye wajen likitan yara tun yanzu da faifansa yake buɗe.