Kwamfutata ba ta iya ɗaukar bayanan ƙwayoyin gado, ina mafita?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka fayilolin jerin RNA (kwafin saƙon da ƙwayoyin gado ke fitarwa) na bincikenka, kwamfutarka mai RAM GB 8 ce, kuma ba ka iya rubuta umarnin kwamfuta ba. Kada ka wahalar da ita. Kundin gadon ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3, manhajar STAR kaɗai tana cin RAM wajen GB 30 kafin ta daidaita jerin da shi.

Ka buɗe asusu a Galaxy, shafin intanet na nazarin bayanan ƙwayoyin gado. An fara shi a jami'ar Penn State ta Amurka a 2005, kyauta ne, aikin kuma a manyan na'urorinsu ake yi, kai dai zaɓa kake yi kana dannawa. Ka fara da FastQC ka ga ingancin fayilolin, sai HISAT2 ya daidaita jerin da kundin, sai featureCounts ya ƙirga jerin da ya faɗa kan kowace ƙwayar gado, sai DESeq2 ya kwatanta ƙirgar tsakanin rukunan samfuranka. In bayanan suna rumbun SRA, ma'ajiyar irin waɗannan jerin a intanet, lambar rajistarsu kawai za ka saka, Galaxy ya jawo su da kansa, datarka ta huta.

Inda na taɓa faɗawa rami: na haɗa kundin hg19, tsohon bugun kundin gadon ɗan Adam, da fayil ɗin hg38, bugun da ya biyo bayansa. Ƙirga ta fito tsaf, ashe shirme ce, mako guda ya tafi. Ka duba wannan sau biyu.

In cutar kansa kake nazari, leƙa shafin cBioPortal, akwai bayanan TCGA, babban aikin tattara bayanan gadon cutar, na nau'in kansa 33.

Amma in bayanan na jinin majinyatanku ne, kada ka ɗora komai sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince a rubuce.