Gajiyarki ba lalaci ba ce

'Yar'uwa ta Ƙofar Marusa, kin ce maigida yana cewa ba kya aikin komai, ga shi kullum a gajiye kike. Wallahi ba lalaci ba ne. Tun asuba kin hura wuta, kin dama koko, kin shirya yara makaranta, ga lissafin cefane da ke kaɗai kike riƙe da shi a ka. Wannan ma ya fi cin rai, don ba mai ganinsa.

A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce mata ke yin kashi 76 cikin ɗari na hidimar gida marar albashi. Ki tuna masa Nana A'isha ta ce Manzon Allah yana taya iyalinsa aiki. Ki nemi yini guda ki je gida ki huta. In kina fama da jiri kuma ya ci gaba, a duba jininki a asibiti.