Rauta da kiran waya ta intanet: amsoshin wasiƙunku

Kusan rabin wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kuka ɗaya suke yi: ana tsakiyar magana a waya ta intanet sai murya ta yanke, ko ta riƙa isowa a makare, kowa kuma ya ɗora wa rauta laifi, wato na'urar nan da ke raba intanet a gida ta Wi-Fi. Na zaɓi kaɗan daga ciki. Waɗanda suka rubuto "wacce ta fi kyau?" kawai, ba su faɗi girman gida ko yawan masu amfani ba, su yi haƙuri, ni ba boka ba ne.

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a ƙasar waje, ta WhatsApp muke gaisawa. Kwanan nan muryarsa tana yayyankewa kamar mai magana a cikin ruwa, har na kan kashe waya ina hawaye. Ƙannensa sun ce sai an sayi sabuwar rauta mai tsada. Ni ban san kan abin ba, ina tsoron a cuce ni. Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, share hawayenki, kuma kada ki fitar da ko sisi tukuna. A irin wannan matsala sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki.

Kiran murya ba shi da ci. Bai cika wuce kilobit 100 a sakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin goma na megabit, abin da ko tsohuwar rauta za ta ɗauka tana gyangyaɗi. Buƙatarsa dai kowane guntu ya iso a kan kari. Wayar ɗanki tana yayyanka muryarsa gutsi-gutsi, galibi kowane guntu milisakan 20 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), wato guda 50 a sakan, ta riƙa turo su bi da bi. In bidiyo kike kallo, waya tana tara na gaba ta ajiye, ko an samu tsaiko ba ki sani ba. Magana kuwa ba ta taruwa, tunda ba a riga an faɗe ta ba. Guntun da ya makara zubar da shi ake yi, shi ne ramin nan da kike ji a tsakiyar kalma. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta yi wa abin ma'auni: jinkirin da bai wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne ba, hira ba ta jin sa. In ya haura 400, sai ku riƙa karo, ke kina cewa "ina jin ka" shi yana cewa "kina ji na?"

To me ke makarar da guntun? Yawanci jerin gwano ne a bakin ƙofar fita. Na taɓa zuwa wani gida da kira ke lalacewa kullum da dare, an canza rauta har sau biyu a banza. Muna zaune sai ga wata yarinya ta shigo ta jona wayarta a caji. Ba a yi minti ɗaya ba murya ta fara shaƙewa. Ashe wayar an saita ta ne ta kwashe hotuna da bidiyon yini ta ɗora a intanet da zarar ta ji caji. Hanyar ɗorawa a yawancin gidaje ta fi ta saukewa ƙunci, sai kayan yarinyar suka cika ta maƙil, muryar uwar gida ta tsaya a bayansu tana jiran a zo kanta. Masana sun san cutar, wani injiniya mai suna Jim Gettys ya raɗa mata suna bufferbloat a 2010.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Ki sa kowa a gidan ya kashe Wi-Fi na wayarsa, har talabijin, ki zauna ɗaki ɗaya da rautar ki kira yaronki. In murya ta fito tas, to cunkoso ne ko nisa, kuma duka biyun suna da magani. In har yanzu tana yankewa, matsalar daga kamfanin intanet ɗinku take ko daga can wajensa, sabuwar rauta ba za ta tsinana komai ba.

In cunkoso ne, ɗaya daga cikin ƙannen nasa ya shiga saitin rautar ya nemi inda aka rubuta SQM ko QoS. Aikinsa ya hana mai babban kaya tare ƙofa. Za a tambaye shi gudun layinku, ya auna na gaskiya ya rubuta kamar kashi 90 cikin 100 nasa, na ɗorawa da na saukewa. Sai in rautarku ba ta da wannan ne za a yi maganar sabuwa, kuma shi za ku tambaya a shago kafin komai. Allah ya dawo miki da shi lafiya.

Tambaya: Na ga wata mai eriya takwas, an rubuta AX3000 a kwalinta, tawa kuma eriya biyu ce. Ai mai takwas za ta ninka ƙarfin kira sau huɗu ko? Daga wani matashi.

Amsa: A'a, samari. Da ƙaho ne ke kawo ƙarfi, da barewa ta kori zaki daga dawa.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin wannan ɓarnar kuɗin ta daɗe tana ci mini rai. Lambar da ke jikin kwali haɗe-haɗe ce. AX3000 ɗin nan, an ɗauki megabit 574 na zango ɗaya, wato ɗaya daga cikin hanyoyin iska biyu da rauta ke watsa Wi-Fi a kansu, aka haɗa da 2402 na ɗaya zangon, aka samu 2976, aka cike ta. AC1200 kuma 300 ne da 867. Wayarka a kan zango ɗaya take hawa a lokaci guda, ba ta taɓa ganin jimillar. Ko rabon nata ma ba ta samunsa cikakke sai a ɗakin gwaji, inda babu bango babu maƙwabta. Sannan duk wannan lissafi tsakanin wayarka da rautar ya tsaya. In kamfani megabit 20 yake ba ka, 20 ɗin za ka samu ko da kwalin ya yi rantsuwa da dubu goma. Akwai ma masu AC1200 da ramukan kebul ɗinsu ba sa wuce megabit 100, an rubuta hakan da ƙananan haruffa a gefen kwali inda ba mai dubawa. Duk wannan don kiran da bai cika kilobit 100 ba!

Eriya ma haka. Ƙarfin da rauta za ta watsa doka ta ƙayyade shi a kowace ƙasa. Ko da ta yi ihu har ƙarshen unguwa, ai sai wayarka ta amsa mata, ita kuwa 'yar eriyar cikinta ba ta kai ɗan yatsa ba. Shi ya sa za ka ga sandunan Wi-Fi a cike amma wancan ba ya jin ka. Yawan eriya yana da amfani in na'urori da yawa suna aiki tare, amma ba lissafin "takwas ta ninka biyu sau huɗu" ba ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jabu, kuma masu yin ta sun gane mutane ƙahoni suke ƙirgawa. An taɓa kawo mini wata mai eriya shida, baƙa wul, tana sheƙi kamar gizo-gizo. Na kwance ta. Biyu ne kawai ke da waya a ciki, sauran huɗun roba ce zalla an ɗaure da noti. Mai ita ya yi shiru, can ya ce ai shi dama nauyinta ya ba shi mamaki, kamar kwalin ashana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan bawan Allah tulu ya biya.

Don haka kafin ka miƙa kuɗi, juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Lambar samfuri da lambar na'ura su yi daidai da na jikin kwali. Buɗe shafin kamfanin a wayarka, nan a gaban mai shago, ka ga ko samfurin yana nan, kuma yaushe rabon da a fitar masa da sabuwar manhaja. Sunan da ba ka same shi ko'ina ba sai a kwali, ajiye shi. Duba adaftar wuta: abin da aka rubuta a kanta, misali 12V da 1A, ya dace da abin da rautar ta nema. Wasu sukan cire ta asali su sa mai rauni, sai rauta ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta duk lokacin da aiki ya yi yawa, kai kuma kana zagin kamfanin intanet. A jona ta a kunna a gabanka. Ka karɓi rasit, a rubuta garanti a kai da yarjejeniyar mayarwa. Mai shagon da ya ɓata fuska don ka nemi rasit ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa. Kuma in farashi ya faɗi ƙasa warwas fiye da na kowa, ruwa ba ya tsami banza.

Ga gida madaidaici, sananniyar rauta mai zango biyu, Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6, mai SQM ko QoS, ta isa har ta yi yawa. Wi-Fi 7 da aka fara tantancewa a 2024 ba za ta ƙara wa muryarka komai ba, balle in wayarka ba ta san yarenta ba.

Tambaya: Sunan Wi-Fi biyu nake gani, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wanne zan hau in zan yi kira?

Amsa: Wannan 5G ɗin ba na kamfanonin waya ba ne, zangon 5 GHz ake nufi. In kana kusa da rautar, hau shi, ya fi sarari. Na 2.4 GHz ya fi ratsa bango, amma kasuwa ce: Bluetooth yana ciki, na'urar ɗumama abinci tana ciki, rautocin maƙwabta duk suna ciki, kuma tashoshi uku ne kacal ba sa taka juna, 1 da 6 da 11. Sannan ka fito da rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗaga ta sama a tsakiyar gida, nesa da ƙarfe da madubi.

Tambaya: Ɗakina yana can ƙurya, an ce in sayi 'yar na'urar ƙara ƙarfin Wi-Fi da ake soka wa a soket. Aikina kuwa amsa kiran kwastomomi ne daga gida, in kira ya yanke ana rage mini albashi. Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, tunda abincinki ne a ciki, ba zan ba ki shawarar rabi ba. Ƙaramar na'urar nan sai ta saurara sannan ta maimaita, da baki ɗaya take yin duka biyun, don haka gudu yana raguwa kusan rabi, jinkiri kuma ya ƙaru. Ja kebul daga rautar zuwa kwamfutarki. Nau'in Cat5e ya wadatar, yana kaiwa mita 100 ba tare da ya gaza ba, kuma babu bangon da ke tare shi. In kina son Wi-Fi a ɗakin ma, a jona wata rautar a ƙarshen kebul ɗin, a saita ta a matsayin mai watsawa kawai. Ki kuma nemi ɗan ƙaramin batirin ajiya na rauta, don ko ƙiftawar ido wuta ta yi, rauta tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo, kiran kuma ya tafi. Ba ta da cin wuta, yawanci wat 10 ne ko ƙasa da haka.

Tambaya: Na sa wayar tebur ta intanet. Ina jin mai kira, shi ba ya ji na, wani lokaci ma ba ta ringin.

Amsa: Shiga saiti ka nemi SIP ALG ka kashe shi. An sa shi ne don ya taimaki irin wayarka, amma a rautoci da yawa gyaran gangar auzinawa yake yi. In bai warware ba, duba ko rauta biyu ka jera, ta kamfani da taka, kowacce tana raba wa na'urorin gidan adireshin intanet. Ɗaya ce ya kamata ta yi wannan aikin.

Tambaya: Ta hannu fa? Abokina zai sayar mini da tasa, shekararta tara amma fes take.

Amsa: Fes a ido. Abin tambaya shi ne ko kamfaninta yana fitar mata da gyaran tsaro har yanzu, kuma mai shekara tara da wuya. A 2018 wata muguwar manhaja da ake kira VPNFilter ta kama na'urori wajen 500,000 a ƙasashe 54, galibinsu rautocin gida da na ƙananan ofisoshi, har hukumar FBI ta Amurka ta roƙi jama'a su kashe nasu su kunna. Rautar da aka shige ta, aikin wasu take yi da datarka. In dole sai ka karɓa, ka tabbata makullin tsaron Wi-Fi ɗinta WPA2 ne ko WPA3, wadda ta tsaya a WEP kuwa ko kyauta kada ka ɗauka. Danna ɗan ramin bayanta ta koma yadda ta fito daga kamfani, ka canza kalmar sirrin shiga saiti da ta Wi-Fi, ka kashe WPS, saitin da ke jona na'ura ba tare da an rubuta kalmar sirri ba. In mai cin SIM ce, ka gwada layinka a ciki kafin ku rabu, don da yawa a kulle suke da kamfani ɗaya.

Tambaya: Akwai rautar da in na saya zan riƙa kira kyauta ba sai na sayi data ba?

Amsa: Babu. Rauta rabawa take yi, ba ta haihuwa. Wanda ya ce zai sayar maka da irinta, ka tambaye shi me ya sa shi har yanzu yake sayen data.