Ko matsattsiyar iska za ta iya ajiye wutar sola?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko matse iska zai riƙe maka wutar sola a shagonka na Nima a Accra idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta zo. Ana yi, amma ba aikin gida ba ne. Da rana rarar wuta ke danna iska cikin kogon gishiri a ƙarƙashin ƙasa, da dare a sake ta ta juya janareta. Jamus ta fara a Huntorf a 1978, Amurka ta biyo baya a McIntosh a 1991. Inda gizo ke saƙa a waɗannan tashoshi biyu shi ne zafi: matsewa na ɗumama iskar, zafin ya tsere, sai an ƙona gas kafin ta yi aiki, kusan rabin wutar ta salwanta. Gishirinmu na Ada kuwa a fili yake, ba kogo ba. Kai dai nemi batir mai kyau.