Tambaya da Amsa: Maganin ɗigawa a ido mai sitiroyid, in ci gaba ko in tsaya?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah yarona ne ɗan shekara 9 yake fama da ƙaiƙayin ido, kullum cikin murza yake har farin idon ya dafe, muka je asibiti aka rubuta mana na ɗigawa mai dexamethasone aka ce sati biyu, to gaskiya kamar yankan wuƙa ido ya washe. Amma ina dainawa ƙaiƙayin ya dawo, shi ne nake ta sake siyo masa, yanzu an kwashe watanni. Ƙanwata ta ce wai yana makantarwa, hankalina duk ya tashi. Gaskiya ne? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba, kuma na ji daɗi da kika tambaya yanzu. Ki kai shi wurin likitan ido cikin satin nan a auna masa matsin ido, kar ki jira sai kwalbar ta ƙare.

Maganin kansa mai kyau ne fa, kar ki tsane shi. Dexamethasone da prednisolone, duk dangin sitiroyid ne, su ne suke ceto idon mai kumburin cikin ido da wanda aka yi wa aiki, ba su da na biyu wajen kashe kumburi. Saurin aikin nasu ne yake yaudarar mutane, uwa ta ga ido ya yi fari tas sai ta ɗauka an warke, alhali a ciki wani abu daban ke faruwa. Akwai wani ruwa a cikin ƙwayar ido, ba hawaye ba, kullum ana yin sabo tsohon yana fita ta wata 'yar kafa mai kama da rariya, to sitiroyid yana toshe wannan kafar sannu a hankali sai ruwan ya taru matsi ya hau ya dinga danne jijiyar gani. Wannan shi ne hawan jinin ido, gilakoma. Matsin lafiyayyen ido a na'urar awon likita daga 10 ne zuwa 21, kuma kusan mutum 1 cikin 3 nasa yana hawa in ya yi 'yan makonni yana ɗigawa, wajen 5 cikin 100 kuma nasu hawa yake sosai. Yara sun fi manya saurin kamuwa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yawanci ba ciwo ba ja, yaro na wasansa ganin gefe-gefe yana tafiya, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. In an gano da wuri dai matsin kan sauka bayan an janye maganin.

Yana kuma kawo yanar ido in an daɗe a kai. Sannan in akwai gyambo a baƙin ido, irin wanda ƙwayoyin cuta na herpes ko fangas suke kawowa, sitiroyid ƙara rura shi yake har idon ya iya hujewa, shi ya sa likita yake ɗiga wani rini ruwan ɗorawa ya haska da shuɗiyar fitila kafin ya rubuta. Ki lura da irin su Maxitrol da Tobradex, mutane na ɗaukar su maganin ƙwayoyin cuta ne kawai amma duk akwai dexamethasone a ciki.

Kar kuma ki yanke masa rana ɗaya da kanki tunda ya daɗe a kai, kumburin zai iya dawowa da ƙarfi, likita ne zai tsara yadda za a rage kaɗan kaɗan. Irin ƙaiƙayin da kika kwatanta ya yi kama da alajin yara, wato idon bai jituwa da wani abu kamar ƙura, mai zuwa yana dawowa, akwai magungunansa na dogon lokaci marasa wannan haɗarin kamar olopatadine da sodium cromoglicate, ga tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora kan ido a rufe, sitiroyid sai lokacin da abin ya tsananta na ɗan taƙaitaccen lokaci. Yawancin yara yana musu sauƙi bayan sun balaga.

In an sake rubuta masa, ki wanke hannu, ki girgiza kwalbar in mai farin ruwa ce, ɗigo ɗaya ya isa, kar bakin kwalbar ya taɓa ido, sai ya rufe idon ki danna kusurwar da ke kusa da hanci na minti 1 zuwa 2. In magani biyu ne a bar minti 5 tsakani. Kwalbar da ta yi sati 4 a buɗe a jefar, kuma dan Allah kar a ara wa wani yaro don shi ma idonsa ya yi ja.

Ranar da za ku je ki tafi da kwalaben har waɗanda suka ƙare, ki faɗa wa likitan gaskiyar tsawon lokacin da sau nawa a rana, ba wanda zai ga laifinki. In kafin nan ya fara kukan ciwon ido, ko ba ya son haske, ko yana gani dishi-dishi, ranar za ku tafi.