Ma'aikatana na son in riƙa jin ta bakinsu, ba za su raina ni ba?

Tambaya: Ina da gidan burodi a Kano, ma'aikata 23. Shekara biyu ke nan ciniki ya tsaya cik. Abokina ya ce in riƙa zama da yaran kafin in yanke hukunci, amma wani dattijo a kasuwa ya ce duk yaron da ka nemi shawararsa, gobe shi zai taka ka. Ina tsoron raini.

Amsa: Alhaji, kusan kullum sai an kawo min wannan zance na raini, har ya ishe ni. Wanda ke tsaye gaban tanda tun ƙarfe uku na dare shi ya san gefen da ke ƙona burodi. Direbanka ya san mai shayin da ya koma wani gidan, ya kuma san dalili. Kai sai ƙarshen wata kake ganin giɓi a lissafi. Sun sani, sun yi gum, domin wanda ya taɓa buɗe baki an ce masa "wa ya tambaye ka?" Shirun nan da dattijon ke kira ladabi, shi ke cinye maka riba.

Kamfanin motoci na General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a Amurka a 1982, bayan ta yi fama da yajin aiki da motoci marasa inganci. Da aka sake buɗe ta a 1984 tare da Toyota, yawanci tsofaffin ma'aikatan aka dawo da su, aka ba kowa ikon jan igiya ya tsayar da aiki in ya ga aibi. Motocin suka shiga sahun mafi inganci a kamfanin. Mutanen dai su ne. Mu kuwa ba sai mun je Amurka ba: ramin Khandaƙ shawarar Salmanul Farisi ce, kuma wanda ya fi kowa daraja ne ya karɓa.

Kada dai ka biye wa masu taron bita na yini ɗaya a otal, su karɓi kuɗinka su bar maka akwatin shawara da ba mai buɗewa. Gara ba ka tambaya ba da ka tambaya ka watsar.

Hukunci yana hannunka. Ka ware minti ashirin duk Asabar, ka aiwatar da shawara ɗaya a makon, ka ambaci mai ita a gaban kowa. Wadda ka ƙi, ka faɗi dalili. Fara da masu tanda.